Sugan Hajiyarmu ya hau kuma ya faɗi warwas: laifin Daonil ne ko na haɗin kemis?

'Yar Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin magunguna ku taimaka mini da bayani, kaina ya kulle.

Mahaifiyarmu ce, shekarunta 68, ta daɗe tana fama da ciwon suga da hawan jini. Metformin 500 take sha safe da dare, da Daonil ƙwaya ɗaya da safe, kuma lafiya lau muke zaune. In an gwada ta kafin ta karya, bakwai ne ko bakwai da ɗan wani abu. To kwanakin baya gwiwoyi suka matsa mata, har sallah sai a zaune. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mata haɗi daga kemis, ƙwayoyi huɗu a ƙulle a leda, ja ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya, da wasu 'yan ƙananan farare guda biyu, babu kwali babu suna. Wallahi ya yi mata aiki, har kasuwar Rimi ta shiga da ƙafarta. Daga nan kullum sai ta aika yaro ya sayo, wajen wata biyu ana haka.

Sai ci ya buɗe mata, fuska ta ciko, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya ce Hajiya ta yi kyau. Amma dare ba ta barci don fitsari, ga ƙishirwa. Na gwada ta wata rana da la'asar na ga 19. Yayanmu ya je kemis ya faɗa, aka ce a mai da Daonil ɗin biyu, safe da dare. Ana cikin haka cikinta ya fara zafi, ita da kanta ta ajiye haɗin ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis ta ɗauki azumin nafila, ta sha maganinta da sahur. Wajen azahar muka same ta zufa sharkaf, hannu na rawa, tana sambatu, ko jikanta ba ta gane ba. Na'ura ta nuna 2.6. Muka dama suga a ruwa muka ba ta, ta dawo hayyacinta, amma bayan isha'i abin ya sake dawowa. Yanzu ga ta nan kwance ba ƙarfi, zuciyarta na tashi, in ta miƙe jiri ya kwashe ta.

Shin mu daina ba ta Daonil ne? Kuma gaskiya ne metformin ke kashe ƙoda kamar yadda ake ta faɗa? Haɗin nan fa, yana da hannu a ciki?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. 'Yar nan, ajiye wayar ki nemi mota, yau za ku kai ta asibiti ba gobe ba. Kada a sake ba ta Daonil kafin likita ya gan ta. Ki riƙe lemon kwalba mai suga ko suga damamme a hanya. In ta sake faɗuwa tana iya haɗiya, a ba ta rabin kofi na lemon ko ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na suga a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. In kuwa ta suma, kada wanda ya ɗura mata komai a baki, huhu zai tafi. A kwantar da ita ta gefe a yi gudu da ita. Allah ya ba ta lafiya.

Mai Harhaɗa Magani:

Sannunku da jinya ƙanwata, Allah ya tashi kafaɗun Hajiya. Maganar Anti ita ce gaba da komai. Ku tafi da ledar haɗin nan da duk kwalayen maganinta, kada a zubar da ko ƙwaya ɗaya. Ni famasist ne, aikina sanin abin da ƙwaya ke yi in ta shiga jiki, canza mata magani kuwa na likitan da zai duba ta ne. Amma zan warware miki yadda abin ya ɗauru, ki karanta kina zaune a layin ganin likita.

Daga haɗin zan fara, don shi ne mafarin rigimar. Ciwon gwiwa ya tafi kamar an cire ƙaya, ci ya buɗe, fuska ta ciko, suga ya tashi sama. Wannan aikin sitiroyid ne, kuma 'yan fararen nan biyu da wuya su wuce dexamethasone ko prednisolone. Su ne dai waɗanda 'yan mata ke sha don neman ƙiba, ake ce musu sha-ka-fashe. A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wani ɗan ƙulluto mai samar da sinadarin kotisol. Shi ke tashi da asuba, shi ke tashi in mutum na cikin zazzaɓi ko firgici, ya umarci hanta ta ƙera suga ta zuba a jini, ya kuma sa tsokoki su rage sauraron insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Dexamethasone kwaikwayonsa ne da aka yi a masana'anta, amma ya ninka shi ƙarfi wajen sau 25. Miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na prednisolone. Ke nan 'yar ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba ta isa ta rusa duk aikin maganin suga. Cikar fuskar da ake yaba mata ma kitse ne ya koma fuska da wuya da ciki, ga ruwa da gishiri da jiki ya riƙe. Ki duba hannayenta da ƙafafunta, za ki iya ganin sun sirance. Hawan jininta ma zai ƙaru, ƙashi ya yi laushi.

Ga inda ya fi ba ni tsoro. In ƙwaƙwalwa ta ga sitiroyid ya yi yawa a jini, sai ta daina aika wa ƙullutan nan saƙo, su kuma su kwanta barci. Wanda ya sha fiye da mako uku a jere ba a yanke masa lokaci ɗaya, a hankali ake janyewa har su farka. Hajiya ta yi wajen wata biyu, ta ajiye shi rana tsaka. Yanzu ba na kemis, ba na jiki. Kasalar nan da tashin zuciya da jirin in ta miƙe, alamunsa ke nan, kuma rashin kotisol shi kansa yana faɗar da suga yana faɗar da jini. Yana iya kisa. Don haka kada ki yi mamaki in likita ya mai da ta kan sitiroyid na ɗan lokaci da ma'auni.

Sai Daonil. Sunansa na asali glibenclamide, daga dangin sulfonylurea. Dangin nan ma ba da niyya aka gano su ba: a 1942, a garin Montpellier na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani maganin salfa a kan masu taifot, sai ya ga sugansu na faɗuwa, wasu har suka mutu. Daga nan aka gane abin yana tatso insulin. Gaɓar da ke yin insulin, fankiriyas, tana kwance a bayan tumbi. A jikin ƙwayoyin halittarta akwai wata 'yar ƙofa da sinadarin fotasiyam ke fita ta ciki. In mutum ya ci abinci suga ya hau, ƙofar ta rufe, insulin ya fito. In suga ya sauka, ta buɗe, insulin ya tsaya. Daonil zuwa yake ya rufe ƙofar da kansa, bai tambayi ko an ci tuwo ko ana azumi ba. Famfo ne da aka ɗaure a buɗe, da bokiti a ƙarƙashi ko babu, ruwa zai zuba. Kuma yana kai awa 24 yana aiki, ragowarsa da hanta ta sarrafa ma tana da ƙarfi, sai ƙoda ta fitar da ita. Ƙodar mai shekara 68 ba ta yarinya ba ce. Dalilin da ya sa ke nan kuka ba ta suga ta farfaɗo, da dare ta sake faɗuwa. Wanda Daonil ya kayar, kwantar da shi ake yi a sa masa ido, kofi ɗaya na ruwan suga bai gama aiki ba.

To ki haɗa lissafin. An ninka Daonil don ya yaƙi sugan da sitiroyid ya tayar, aka janye sitiroyid aka bar Daonil a ninke, sannan aka ɗora azumi a kai.

Ni dai ra'ayina, tun farko bai kamata dattijuwa irin Hajiya tana kan glibenclamide ba. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, tun 2013 suka shigar da gliclazide saboda haka. Dangi ɗaya ne, amma ragowarsa ba ta da ƙarfi, bai cika kayar da mutum haka ba. Araha ce kawai ta sa Daonil ya ƙi barin kantunanmu. Kuma mai kemis, lasisinsa bai ba shi damar sayar da sitiroyid ko taɓa adadin maganin suga ba, amma wa ke bi?

Metformin kuwa an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Shi ba ya tatso insulin. Babban aikinsa a hanta yake, ya hana ta yawan zuba suga a jini, musamman cikin dare, ya kuma taimaka wa tsoka ta ji maganar insulin ɗin da ke nan. Shi ya sa in shi kaɗai mutum ke sha, da wuya suga ya faɗi ƙasa ko da azumi. Ta fitsari yake fita yadda ya shiga, ba ya cin ƙoda. Abin da ke faruwa shi ne in ƙoda ta riga ta raunana, sai ya taru a jini, likita ya rage ko ya tsayar da shi, mutane kuma su ce ai shi ya kashe ta. Akwai gwajin jini da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda: in ya sauka ƙasa da 45 ana rage shi, ƙasa da 30 ana dainawa gaba ɗaya. Masu cin ƙodar na gaskiya su ne sugan da aka bari a sama, da hawan jini, da irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam in an lizimce su. Ja da ruwan ɗorawar nan na cikin leda, ina kyautata zaton irin su ne, kuma su suka ƙona mata ciki. Illar metformin da aka fi gani gudawa ce da kumburin ciki, shi ya sa ake sha a tsakiyar cin abinci. In mutum na amai da gudawa ya bushe, a dakatar da shi har ya warke. Wanda ya yi shekaru a kansa kuma a duba masa bitamin B12, don yana rage shi.

Ki gaya wa likita duk abin da take sha. Septrin da kinin da fluconazole da ciprofloxacin duk suna ƙara wa Daonil ƙarfi. In kuma a maganin hawan jininta akwai atenolol ko propranolol, suna ɓoye rawar jiki da bugun zuciyar da ke gargaɗin mutum cewa suga ya faɗi, sai zufa kawai za a gani.

Baffa Direba:

Allah ya sawwaƙe. Ni fa shi ya sa na rabu da ƙwayoyin nan. An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Tun bara na koma kan zogale da garahuni da jiƙon hulba, da wani na kwalba da nake saya a tasha, har da lambar NAFDAC a jiki. Garau nake jin kaina, ina ɗaukar mota daga Kano zuwa Legas in dawo. Famasist, ba ka ganin namu na gargajiya ya fi lafiya?

Mai Harhaɗa Magani:

Baffa, ranka ya daɗe, yaushe rabonka da gwaji? Suga yana iya zama 14 mutum yana jin garau, alhali yana cin ido da ƙoda da jijiyar ƙafa a ɓoye. Kai kuma da ido da ƙafa kake neman abinci, ga rayukan mutane a bayanka.

Ba ni da faɗa da ganye. Metformin ɗin kansa daga tsiro aka samo hanyarsa, wata ciyawa ta Turai mai suna Galega, wadda asalin sinadarinta guba ne ga dabbobi. Sai da aka gyara shi, likita Jean Sterne ya gwada shi a kan marasa lafiya a Faris a 1957, ya sa masa suna Glucophage. Bambancin shi ne ƙwayar 500 kullum 500 ce, jiƙon garahuni kuwa na yau daban, na gobe daban. Ka ci kwaɗon zogalenka, abinci ne mai kyau. Garahuni da hulba suna ɗan sauke suga, shi ya sa ma haɗa su da Daonil ba tare da gwaji ba ganganci ne. Na kwalbar nan ne ban yarda da shi ba. A ƙasashe da dama an sha kama irinsu an niƙa glibenclamide ko dexamethasone a ciki, mai sha yana ta yabon ganye. Lambar da ka gani kuma, ka karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar, yawanci za ka ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ka daure ka yi gwajin HbA1c, shi ke nuna matsakaicin suganka na wata biyu zuwa uku. Ka dawo ka gaya mana lambar, in ta yi kyau ni zan fara taya ka murna.

'Yar Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun kai ta a daren, suka kwantar da ita suka sa mata ruwa. Famasist ɗin asibitin ya duba ledar, dexamethasone ne da piroxicam da wasu. Kamar yadda Malam ya faɗa, sun mai da ta kan prednisolone da safe, za a riƙa ragewa a hankali. Sun cire Daonil, sun rage metformin don ƙodar ta ɗan taɓu, sun kuma ɗora ta kan allurar insulin da safe kafin a gama janye wancan. To Hajiya ta tada hankalinta, wai in aka kai ga allura an zo ƙarshe ke nan. Ga shi unguwarmu wuta sai ta ga dama, firjin namu ya zama kabad. Yaya za mu ajiye ta?

Ɗan Haɗejiya:

Ƙanwata, ki gaishe da Hajiya, ki ce wani ɗanta da ke yi wa kansa allurar nan tun yana sakandare ya ce ta kwantar da hankalinta. Na yi aure, ina da yara, ina noman rani.

Batun ajiya, tukunya biyu nake amfani da su, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa ke nan don ajiye tumatir da yalo, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Kwalbar insulin ɗin ki sa ta cikin roba mai murfi don kada ruwa ya cinye rubutun. Wadda ba a buɗe ba, ki kai ajiya inda ke da firji mai aiki, amma ban da wajen ƙanƙara, in ta daskare ta mutu. Kada a bar ta a mota ko jikin taga. In mai kama da madara ce, a murza ta a tafin hannu a hankali kafin a zuƙa, ba girgizawa ba, in kuma kika ga gudaji ya ƙi narkewa ki jefar. Ki duba lambar jikin kwalba da ta sirinji su zo ɗaya, 100 da 100, don akwai na 40, in aka cakuɗa su adadin ya ɓaci. Kuma a riƙa canza wurin tsirawa, yau gefen cibiya gobe cinya.

Mai Harhaɗa Magani:

Alhamdu lillahi. Ɗan Haɗejiya ya gama magana a kan tukunya. Ƙari kawai, a firji ana son ta tsakanin digiri 2 da 8, wadda aka buɗe kuma a rubuta mata kwanan wata, yawanci mako huɗu ne wa'adinta. Ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janiba (Geneva) sun gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, suka wallafa a 2021 cewa ta riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Zafin Afrilu a Kano yana wuce haka, don haka tukunyar ba ta zama ado ba.

Ki gaya wa Hajiya insulin ɗin nan irin wanda jikinta ke yi ne. Ana yin sa ta allura ne don furotin ne, in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kafin ya kai jini. Yaron da aka fara yi wa a Toronto a watan Janairun 1922, Leonard Thompson, shekarunsa 14, yana bakin mutuwa allurar ta tashe shi. Ita tata ma ta wucin gadi ce. Prednisolone da aka sha da safe, da rana zuwa magariba yake tada suga, shi ya sa aka ba ta allurar safe don su yi karo. Saboda haka gwajin kafin karin kumallo kaɗai zai ruɗe ku, ku ƙara da na la'asar da na kafin abincin dare, ki riƙa rubutawa a littafi. Duk lokacin da aka rage prednisolone, buƙatar insulin za ta ragu, ki tabbata likita ya duba littafin ya rage mata, in ba haka ba abin da ya faru ranar Alhamis zai maimaitu.

Azumin nafila ta haƙura da shi har a gama janye sitiroyid. Na Ramadan kuma ku koma wurin likita tun saura mako shida zuwa takwas, shi zai ce ta yi ko ta ciyar, ya kuma jera mata maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. In ya yarje mata, ta riƙa gwadawa da rana, tsira yatsa ba ya karya azumi. Ta ga ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6, ta karya azumin nan take ko saura minti goma a kira sallah. In na'urarku mai manyan lambobi ce, 70 da 300 ke nan. Gwiwar ma a nuna wa likitan kafin a sallame ku, ya rubuta mata abin da ƙodarta za ta iya ɗauka.